Kakar Inabi a Burgundi

A shekarun 1990, duk ɗalibin Afirka da ke karatu a Dijon ya san Satumba watan neman na kashewa ne. Kuɗin tallafin karatu daga gida ba ya zuwa a kan kari, jami'a ba ta buɗewa sai Oktoba, gonakin inabin da suka miƙa daga bakin gari suka yi kudu har suka wuce Beaune kuwa neman ma'aikata suke ido rufe. Haka muka riƙa ba da sunayenmu, mu 'yan Nijar da 'yan Mali da na Sanigal, muna cika motar mai gona tun gari bai waye ba.

Burgundi ke nan, a gabashin Faransa, ƙasar da ta yi suna a duniya da jar giyar inabi. Ni dai ban taɓa kai ta bakina ba, aikin ma sai da ya ta da gardama a masaukinmu. Wasu suka ce duk wanda ya yanki inabin da za a matse a yi giya yana da kamasho a zunubin, suka tafi wankin kwanuka a gidajen abinci. Wasu suka ce lalura ce. Har yau in muka haɗu maganar ba ta mutu ba.

Ni ɗan manomi ne daga Damagaram, na tashi da sanin cewa shuka ruwa da rana take so. Sai ga inabin da ke gudun zafi. Pinot noir suke ce masa, ɓawonsa siriri, 'ya'yansa ƙanana a cure. In rana ta gaggauta shi sai zaƙi ya yi yawa, tsami da ƙamshi su gudu, saboda haka ake dasa shi a gangaren da ke duban gabas, ya sha hantsi, ya nuna a hankali. Mu ne muka ɗanɗana kuɗar wannan sanyi. Da safe raɓa ta jiƙa ganye sharaf, yatsu su sandare, almakashi ya yanke ka ba ka sani ba sai ka ga jini a bokiti. Kurangar ba ta wuce ƙugu ba, wajen dubu 10 a hekta guda, don haka a duƙe ko a durƙushe za ka wuni. Ɗan dako ya biyo layi da ƙaton kwando goye a baya, ka juye masa, ka koma. In ka bar ruɓaɓɓen ƙwaya mai furfura a jikin nonon inabi, mai gona zai ɗago shi ya nuna maka, ba tare da ya ce uffan ba.

Wanda na fi kewa shi ne mahaifin mai gonar, tsoho mai rawar hannu da ba ya iya yanka amma ba ya iya zaman gida. Wata rana ya tsayar da ni a kan wata 'yar hanya, ya ɗebo ƙasa daga sama da ita, ya ɗebo daga ƙasa da ita, ya zuba mini a tafin hannu. Ta sama tsakuwa ce da farin dutse, ta ƙasan laka mai nauyi. Ya ce giyar gefen sama ta ninka ta gefen ƙasa kuɗi, alhali tsakaninsu taku kaɗan ne. Na ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi. Ashe kowane yanki da sunansa da iyakarsa tun ɗaruruwan shekaru, guda 1,247, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Sufayen Kirista ne suka fara wannan bin diddigi. Na gidan ibadar Cîteaux, wanda aka kafa a 1098, su suka kewaye gonar Clos de Vougeot da katanga, hekta 50 ko kusa da haka. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace ta aka sayar, daga baya ciniki da rabon gado suka yi ta yanka ta, har yau masu ita sun kai wajen 80, wani 'yan layuka kawai gare shi. Duk wanda ya ga yadda gandun gidansu ya koma gayauni bayan rasuwar kaka ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sarautar ma ta sa baki: a 1395 mai mulkin Burgundi, Philippe, ya ba da umarni a tumɓuke wani irin inabi mai suna gamay don kada ya ɓata sunan ƙasar.

A gonar da muke aiki kuwa, da rana matar mai gona, Madam muke ce mata, takan shimfiɗa dogon tebur. Da ta gane ba ma cin alade sai ta riƙa ware mana dafaffen ƙwai da cuku da dankali, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ranar ƙarshe aka yi wa tarakta ado da ganye, aka shiga ƙauye ana ta danna ham, aka yi walima har dare. Su da kwalabensu, mu da ruwan inabin da aka matse a ranar, bai kwana ba balle ya yi tsami. Ban sake shan abu mai zaƙinsa ba.

Sanyin nan da ya yi wa ƙasar suna yanzu yana ja da baya. A 2003 da 2020 tun watan Agusta aka fara yanka, lokacin da a zamaninmu ko almakashi ba a wasa ba. Ɗumin ƙarshen hunturu yana sa kuranga ta yi toho da wuri, sai jaura ta dawo ta ƙone shi. A Afrilun 2021 manoma sun kwana suna kunna dubban kyandirori a tsakanin layuka, duk da haka amfanin shekarar ya faɗi warwas.