Gyara a Kasuwar Mayahi

Wadda ta taɓa cin kasuwar Mayahi ranar Litinin ta san yadda garin yake cika tun da hantsi. Amalanke daga ƙauyukan Gulbin Kaba, motoci daga Cadawa da Tasawa, ga tabarmin kaba an jera, ga goriba, ga gero da wake ana awo da tiya. Can a rumfunan 'yan awo za ki ji kalmar da ba a cin kasuwa sai da ita: "To, ina gyara?" Mai awo ta ɗan dumbuza ta ƙara miki, ki tafi kina jin kin ci riba.

Ashe Turawa ma suna da gyararsu. A Amurka bankuna na ba mutane katin cin bashi, ki yi sayayya da shi ki biya ƙarshen wata. Wani katin yana maido miki da kashi 1 ko 2 cikin 100 na abin da kika kashe, wani kuma maki yake tara miki har su isa tikitin jirgi ko kwanan otal. Har muhawara suke yi a kan wanne ya fi, na tafiya ko na cefane.

Amma fa 'yan uwa, mai awo ba ta gyara daga rumbun mijinta. Tun wurin yanke farashin tiya ta sa gyarar a ciki. Haka bankin: yana cire wani kaso daga hannun mai shago a kowane ciniki, mai shagon ya ɗora a kan kaya. Wadda kuma ta kasa biya kan lokaci, ruwan da ke hawa kanta yakan wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Mu yi lissafi da namu kuɗin: sayayyar jikka 100, gyara jikka 2; bashin ya shekara, ruwa jikka 20. Wa ya yi wa wani gyara ke nan?

Mu nan ba kati muke riƙewa ba. In za a sari kaya a Maraɗi, ko dai a ƙulle kuɗin a bakin zane, ko a sa a waya ta Airtel Money, ko a aika ta Nita ko Amana a karɓa can. Kowanne da abin da yake ci. Kafin ki zaɓa, tambayi nawa ne kuɗin aikawa, nawa ne na cirewa, ki haɗa su duka biyu. Garaɓasar da ake tallatawa ki sa ta ƙarshen lissafi.

Asusun Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, shi ma yana ɗora riba a kan rance, a ƙungiyoyi da yawa kashi 10 cikin 100 a wata. Wannan ba kaɗan ba ne, kar mu ruɗi kanmu. Bambancin shi ne ribar a akwati take kwana, ranar rabo kuma ta dawo hannun waɗanda suka zuba. Duk da haka, mai ɗaukar rancen jikka 20 don sarin tabarma ta tabbata za ta sayar cikin kasuwa huɗu, ta cire kuɗin mota zuwa da dawowa, ta cire jikka 2 na akwati, sannan ta ga abin da ya rage mata.