Abin da bakaniken Maraɗi ya koya min

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, na jingine motata na koma kan mashin. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haye 500, daga baya ta wuce 1,000. Albashi kuwa kun san labarinsa. To ka ga dole na saba da bakanikai.

Akwai wanda nake kai wa a nan Gyaɗi-Gyaɗi, ba zan kama suna ba. Ka kai mashin da safe a yi maka juye, ya ce dawo da azahar. Ka dawo, ya tafi sayo kaya. Da la'asar ka tarar an kwance abin da ba ka ce a taɓa ba, man tankinka ya ragu, kuɗin aiki ya ninka. In ka yi magana a ce, "Haba Alhaji, kai da kake cin albashi!" Na canza wani a wajen kasuwar Tarauni, duk kanwar ja ce.

Bayan an sake buɗe boda a Maris 2024, na je Maraɗi ɗaurin auren ɗan wana. Mai masaukina ya ara min mashin ɗinsa don zirga-zirga, rana ta biyu ya mutu min a titi. Na tura shi zuwa wata rumfa gabana yana faɗuwa: ga ni baƙo, harshena ya nuna daga Kano nake, ga sefa ta fi ƙarfin naira. Na ce yau za a yanke ni.

Bakaniken, wanda bai wuce shekara 30 ba, ya jawo min benci. "Malam, zamna tukuna. Mi ya same shi?" Ya saurare ni har na gama. Ya kwance fulogi, su buji suke ce masa, ya nuna min yadda ya yi baƙi. Ya ɗauko guda biyu: wannan mai kyau ne, wannan mai araha ne amma ba ya daɗewa, ga kuɗin kowanne, zaɓi ya rage nawa. Na ce ya canza kafireta ma. Ya ce lafiyarta lau, wanki kawai take so. Wato kuɗi na miƙa masa da hannuna, ya ƙi karɓa.

Cikin rabin awa ya gama, ya zagaya da mashin ɗin ya gwada, ya ƙulle min tsohon fulogin a leda. Da na ce ba nawa ba ne, aro na yi, sai ya ce in gaya wa mai shi birkin baya ya kusa cinyewa.

A hanyar dawowa ta Jibiya ina ta zagin bakanikanmu a zuci. Sai wani tunani ya tsaya min a wuya: ni fa? Shekara nawa ina zaune a ofis? Sau nawa dattijo ya zo bin fayil ɗinsa na ce masa "dawo gobe, oga ba ya nan", ban ko ɗago kai na dube shi ba? Wannan goben kuɗin mota ne a wurinsa, wataƙila ranto su ya yi. Abin da ake min a rumfa shi nake yi a kan tebur, bambancin kawai ni ina sanye da farar shadda.

Yaron nan bai fi namu kayan aiki ba. Sauraro ne, da faɗin gaskiya, da cika alƙawari. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma.

Yanzu duk wanda ya shigo ofishina sai na ba shi kujera, in aikinsa ba zai yiwu yau ba na gaya masa dalili da ranar da zai yiwu. Ba kullum nake dacewa ba, amma ina ƙoƙari.

Ku fa, wa ya taɓa yi muku irin wannan? Allah Ya sa mu gyara.