Kwamfutar da ke mutuwa da azahar

A kudu da birnin Maradi akwai garin Jiratawa. Can ana noman rani da ruwan rijiyoyi masu inji. Inji yana jawo ruwa daga ƙasa, ruwan ya bi babbar hanya ta siminti, sannan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai fangali. Duk yaron da ya tashi a garin ya san abu guda: in ruwa bai iso gonarka ba, ba zogale za ka tuhuma ba. Sai ka bi hanyar ruwan da ƙafa har ka ga inda ta toshe.

Wani saurayi ɗan Jiratawa yana karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi. Yana son kwamfuta, amma sabuwa ta fi ƙarfinsa. Uwarsa ta ba shi kuɗin zogalen da ta tara tun bara. Kawunsa na Tibiri ya cika masa, da sharaɗin za a aje na'urar a shagonsa, a riƙa buga wa mutane takardu suna biya. Saurayin ya sayi kayan ɗaya-ɗaya, wasu sabbi, wasu na hannu. Ya haɗa su cikin dare biyu. Da ya gama ya danna maɓalli. Shiru. Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba.

Da safe ya ɗaure akwatin a bayan babur, ya kai wa wani tsohon mai gyara. Wannan tsoho da rediyo ya fara sana'a, ya koma talabijin, daga baya kwamfuta ta tarar da shi.

— Baba, ina jin babban allon ne ya ƙone. Shi ne mafi tsada cikin kayan.

— Ɗana, wa ya ce maka wuta ta kai gare shi ma?

Tsohon bai buɗe akwatin ba tukuna. Ya fara gwada gurbin wuta na bango da ma'auninsa. Ya canza wayar da ke shiga bayan kwamfutar. Sannan ya duba wani ɗan jan maɓalli da ke bayan wasu kwamfutoci, mai lamba biyu: 115 da 230. Wannan maɓalli ƙarami ne, amma yana da hatsari. A Amurka wutar gida bolt 120 ce, a Nijar kuwa 220. Kayan hannu da suka fito daga can sukan zo a kan 115. In aka sa su a wutar Maradi haka nan, sai a ji ƙara, a ga hayaƙi. Na saurayin yana kan 230. Tsohon ya ce to madalla.

Cikin kowace kwamfuta ta tebur akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka. Masu gyara suna kiransa da sunansa na Faransanci, alimantasiyo. A nan za a ce da shi akwatin wuta. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango mai ƙarfi, ya sassauta ta, ya raba ta kashi uku: bolt 12, bolt 5 da bolt 3,3. Kowane kashi da launin wayarsa. Rawaya 12 ce, ja 5 ce, mai ruwan goro 3,3 ce. Baƙaƙen wayoyi su ne hanyar komawar wuta. Wayoyin suna taruwa a wani babban kai mai ramuka 24, wanda ake cusawa cikin babban allo.

A cikinsu akwai koriyar waya guda ɗaya tak. Ita ce ƴar aike. In an danna maɓallin gaba, babban allo yana gaya wa akwatin wuta ya tashi ta wannan waya. Tsohon ya cire kan daga allon, ya lanƙwasa ƴar guntuwar waya, ya haɗa koriyar da baƙa guda. Nan take fanka ta juya. Ya auna rawaya, ya samu 12,1. Ya auna ja, ya samu 5. Ƙa'ida ta yarda a hau ko a sauka da kashi 5 cikin 100, wato rawaya tana iya tsayawa tsakanin 11,4 da 12,6. Akwatin wuta dai lafiya lau yake.

Yara, ku lura. Wannan gwaji aikin babba ne wanda ya koya. Shi kansa tsohon ba ya yarda yaran shagonsa su kwance murfin akwatin wuta, don akwai wasu ƴan gwangwanaye a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an cire waya daga bango.

Da suka bi hanyar gaba kaɗan, sai ga matsalar. Wayoyi biyu sirara da ke zuwa daga maɓallin gaba ba su zauna a kan ƙusoshinsu ba, sun goce zuwa na gefe. Tsohon ya gyara musu zama. Kwamfuta ta tashi. Bai karɓi ko dala ba, kuɗin shayi kawai ya ce a ba yaransa.

Aka kai ta Tibiri, garin Sarkin Gobir. Kwana biyu tana aiki da safe kamar ba ta taɓa ciwo ba. Amma da rana ta take, wajen azahar, sai ta mutu farat ɗaya, ta sake tashi da kanta, ta kuma mutuwa. Ran nan wani malamin lakwal ya kawo jarrabawar ajinsa a buga masa. An kai shafi na huɗu ta ɗauke, duk abin da aka rubuta ya tafi. Malamin ya kwashi takardunsa ya nufi Maradi. Kawu ya ɓata rai. Ya ce in abin ba zai yi ba, a sayar a mayar wa kowa kuɗinsa. Saurayin ya san in aka sayar ko rabin kuɗin ba za a samu ba, kuma bai san da wane baki zai gaya wa uwarsa ba.

Ya sake ɗaukar ta zuwa Maradi. A shagon tsohon ta wuni tana aiki, ko gezau.

— Baba, ko zafi ne? Ko ƙura?

— Zafin Maradi da na Tibiri duk ɗaya ne. Ƙura kuwa ba ta taru ba tukuna, bari hunturu ya zo ka gani. Mi ke akwai a Tibiri wanda babu a nan?

Saurayin bai da amsa. Tsohon ya ce ran Laraba zai je cin kasuwar Tibiri, zai biyo da ma'auninsa.

Wutar da ke kunna fitila a wannan yanki tana yin doguwar tafiya. Tun 1994 akwai babban layi mai bolt 132.000 da ya taso daga Katsina, ya biyo ta Gazawa, ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke rarraba ta cikin garuruwa. Mutane sun ga muhimmancin layukan da ke zuwa daga Nijeriya a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Saboda haka da abu ya lalace, kowa can nesa yake fara nunawa da yatsa. Kawu ma haka ya yi.

Tsohon dai bai ce komi ba. Ya auna wuta a cikin gidan kawu, inda ta shigo, ya samu 218. Babu laifi. Sai ya bi wayar da ke zuwa shago. Siririya ce, irin ta fitila, an ja ta bisa katanga kamar taku arba'in, an ɗaura ta wuri biyu da leda. A tsakiyar hanya kuma an rataya mata firigon matar kawu, wadda ke sayar da ƙanƙara da zoɓo. A ƙarshen wayar ma'auni ya nuna 203.

Suka zauna suna jira. Can wajen azahar firigo ya yi gurnani ya tashi. Fitilar shago ta dushe, lambar ma'auni ta faɗo 172. Irin wannan akwatin wuta an yi shi ya yi aiki daga bolt 180 zuwa sama. Kwamfuta ta mutu a gaban idonsu.

— Kawu, taɓa wayar nan ka ji.

Kawu ya taɓa bayan robar, ya ji ɗumi, ya janye hannu. Siririyar waya kamar ƙaramar hanyar ruwa ce. In gona biyu suka buɗe a kanta lokaci guda, ta ƙarshe ba ta samun abin kirki. Wutar da ta ɓace a hanya kuma zafi take zama, shi ya sa irin wannan waya take jawo gobara.

Aka kira mai aikin lantarki. Ya ja wa shago tasa waya mai kauri tun daga inda wuta ta shigo gidan, ya bar wa firigo tasa. Matar kawu ta fi kowa murna, don da ma an fara cewa a kashe mata firigo da rana. Tsohon ya ce in kuɗi sun samu a sayi na'ura mai batir wadda ke riƙe kwamfuta ƴan mintoci in an ɗauke wuta. Ba a saye ta ba tukuna. Kafin nan, saurayin ya koya wa ɗan kawunsa ya riƙa adana rubutu bayan kowane shafi.