Littafin Kuskure

A semesta ta biyu ta shekarata ta farko a nan, lakcaranmu na kimiyyar lantarki ya dawo mana da takardun tes, ya raba wa kowa tasa, ya riƙe guda ɗaya a hannu. Sai da aji ya yi tsit sannan ya ɗaga ta ya ce, "Mai wannan takarda ya zo ya faɗa mana garin da wutar NEPA take bolt 8.9, mu ma mu koma can, tunda ba za ta ja kowa ba." Aji ya ɗauki dariya. Takardata ce. Na tashi ina yaƙe na je na karɓa.

Tambayar ba wata mai wuya ba ce. Wutar da ke zuwa soket ɗinmu bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ƙololuwarta kuma kusan 325, wato 230 sau √2. Aka ba mu v = 325 sin(314t), aka ce mu nemo v idan t ya kai 0.005. Na buga 314 sau 0.005, na samu 1.57, daidai ne. Amma wannan 1.57 a ma'aunin radiyan take, wato digiri 90, wanda sin ɗinsa 1 ne, amsa kuma 325. Ni kuwa kalkuletata tana kan digiri. Ta ba ni 0.0274, na ninka da 325, na rubuta 8.9, har da ja mata layi biyu a ƙasa.

Ina komawa kujera muryar wani mutum ta faɗo min a rai, mutumin da na shekara biyu ina ƙoƙarin mantawa da shi: "Kafin ka taɓa kalkuleta, zana." Da na zana, da na ga zagaye ɗaya na wutar yana cin daƙiƙa 0.02, rubu'insa kuma 0.005 ne, daidai kan tozon igiyar. Ko ɗan firamare ka nuna wa zanen zai ce maka nan ne ta fi tsawo.

Mutumin nan malaminmu ne na Foda Mas a sakandare. Ga waɗanda ba su yi ba, Foda Mas shi ne lissafin nan mai zurfi da ake zaɓa a SS1, ba dole ba ne kamar lissafin kowa da kowa, kuma shi ne gadar da ke kai mutum ga kalkulas: aljebra mai nauyi, logaridim, tirigonometiri, jerin lambobi da sauransu. Mu goma sha huɗu muka shiga a shekararmu. Ni dai gaskiya don a ce ina cikin masu ƙwaƙwalwa na shiga.

Ranar farko Malam bai koyar da komai ba. Cewa ya yi mu juya bayan littafi mu rubuta dokokin aji, yana faɗa muna rubutawa.

Ta farko, minti goma na farkon kowane darasi nasa ne. Kafin mu shigo ya riga ya rubuta tambayoyi biyar a allo daga darasin jiya, ka zauna ka yi su shiru, ba kalkuleta, ba duba littafi. Wanda ya makara ba a dukansa, ba a korarsa, sifili kawai zai samu a ranar.

Ta biyu, littafi biyu kowa zai riƙe. Ɗaya na darasi, ɗaya kuma shi ya sa masa suna littafin kuskure. Duk tambayar da ka faɗi, a aikin gida ko a tes, sai ka kwafe ta a ciki da amsarka ta kuskure yadda take, ka zagaye layin da ka kauce da jan biro, ka rubuta da Hausa ko Turanci abin da ya sa ka kauce, sannan ka sake yin ta daidai. Ranar Litinin wannan littafin yake karɓa, na darasi bai dame shi ba.

Ta uku, zangon farko gaba ɗaya ba kalkuleta, sai littafin fo-figa. Har yau na san log 2 shi ne 0.3010, log 3 kuma 0.4771, in ka haɗa su ka samu 0.7781, log 6 ke nan. Yakan ce John Napier, mutumin Sikotilan da ya fito da logaridim a 1614, don ya mayar da ninkawa ta zama tarawa ya yi wahalar, in ba ka taɓa yi da hannunka ba ba za ka san abin da maɓallin yake yi maka ba.

Ta huɗu, kowane mataki a layinsa, alamar daidai a ƙarƙashin alamar daidai. Amsa tsirara ba ta da maki a wurinsa ko da ta dace. Ya ce masu duba takardun WAEC ma hanya suke bi suna ba da maki, amsar ƙarshe ɗan kaɗan ne rabonta.

Ta biyar, duk tambayar da za ta zanu a zana ta tukuna, sannan a yi kintacen amsa kafin a fara lissafi.

Ta shida ita ce muka fi tsana. Ba a ce masa "Malam ban gane ba." In ka faɗa sai ya ce, "A wane layi ka tsaya?" Dole ka nuna layin ƙarshe da ka gane da wanda ya ɓace maka. In ka kasa, ya ce to ba ka fara karantawa ba ma tukuna.

Bayan waɗannan ga aikin gida kullum, tambaya takwas zuwa goma, ga tes duk Juma'a kafin a tashi masallaci. In ka yi fashi, kai za ka nemi abin da aka yi, kuma aikin ranar yana nan a kanka.

Shekarar farko na jure, har ina jin daɗi wani lokaci. Ranar da zai fara koya mana cika murabba'i, sai da ya ba mu labarin Al-Khawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljebra, ya nuna mana yadda ake warware x² + 10x = 39 da zanen murabba'i a allo. Aka ƙara 25 a kowane gefe, 39 ta zama 64, gefen murabba'in 8, aka cire 5, x ya fito 3. Wallahi ranar ji na yi kamar an buɗe min taga.

Amma a SS2 sai na samu waya, na kuma samu majalisa. Aikin gida ya koma abin da nake kwafa da safe a bayan aji daga littafin wani abokina. Littafin kuskurena ya daina cika, don mai kwafa ba ya kuskure. Ashe Malam yana lura. Wata Litinin a zango na biyu ya buɗe littafin, ya ga mako huɗu ba ko ɗigo, ya ce, "Madalla, mun samu gwani. Zo ka yi mana ta bakwai a allo." Na kwafi layi biyu daga ƙwaƙwalwa, na uku ya ƙi zuwa. Na tsaya da alli a hannu, gumi yana bin bayana. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "A wane layi ka tsaya?" Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga 'yan mata uku a ajin suna kallo, ni kuma a lokacin wannan ya fi min komai ciwo.

Washegari na je na ce a cire sunana, tunda darasin na zaɓi ne. A gida na ce wa Yaya ai ko JAMB ba ta tambayar Foda Mas, ɓata lokaci ne. Ya dube ni ya ce, "Kai dai ka sani. Injiniya kake cewa za ka zama ko?" Na ce lissafin gama-gari ya ishe ni. Na samu C5 a WAEC, na samu gurbi a nan, na ce to ina abin yake? Radiyan kuwa, mako uku bayan fitata aka koyar da shi a ajin.

Semesta ta farko na tsallake aljebra da tirigonometiri da ƙyar, da haddar tsofaffin tambayoyi a daren jarrabawa. Ta biyu kalkulas ya tare ni. Da aka kafe sakamako na ga kari-oba, ga kimiyyar lantarki ita ma da ƙyar ta wuce, CGPA ɗina ya sauko ƙasa da 2.50. Kun san abin da wannan yake nufi. Daga 2.50 Lowa Kiredit ke farawa, kuma da wuya a ba mutum HND da abin da bai kai nan ba. Kuɗin makarantata Yaya ne ke biya daga shagonsa na gyaran fanka da injin ruwa, kuma burinsa in wuce inda ya tsaya. Kwana uku na yi ban iya gaya masa ba.

Da na je hutu Umma ta sa ni in kwashe tsofaffin takarduna daga ɗaki, wai ɓeraye sun mayar da su gida. A cikin buhun na ci karo da littafin kuskurena. Na zauna a ƙasa ina buɗawa. A shafi na shida ga rubutuna na SS1: (a + b)² = a² + b², an zagaye da ja, a ƙasa na rubuta, "Na manta na tsakiya." Jikina ya yi sanyi. A jarrabawar kalkulas da na faɗi, tambayar farko ita ce a nemo saurin canjin x² daga tushe, kuma abin da na rubuta shi ne (x + h)² = x² + h². Kuskure ɗaya, shekara huɗu tsakani. Kalkulas ɗin da Newton da Leibniz suka gina a ƙarni na 17 ko kusa da shi ban kai ba, a aljebrar SS1 na faɗi.

Sai da na yi kwana biyu ina jan ƙafa sannan na je gidan Malam. Ya yi ritaya, na same shi a ƙofar gida kan tabarma bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ban sani ba ko ka gane ni."

Ya ce, "Gwanin da ba ya kuskure. Ya karatu?"

Na ce, "Malam, kalkulas ya kayar da ni. Ban gane komai ba."

Ya yi murmushi ya ce, "A wane layi ka tsaya?"

Wannan karon ina da amsa. Na ce layi na biyu, na nuna masa. Ya ɗauki tsinke ya zana murabba'i a ƙasa, ya raba kowane gefe gida biyu, dogo x, gajere h. Ɗakuna huɗu suka fito: babba x², ƙarami h², da dogaye biyu kowanne xh. Ya ce, "Gida mai ɗaki huɗu ka sayar, ka ƙirga biyu. Gwada da 3 da 2." Na ce 25. Ya ce, "Naka fa?" Na ce 13. Ya ce, "To ina sha biyun?" Ya nuna ɗakunan nan biyu, shida da shida. Daga nan ya sa na cire x², na raba da h, na bar h ya ƙanƙance, 2x ta fito da kanta. Abin da na yi semesta guda ina haddacewa, a ƙasan ƙofar gida ya zauna min cikin minti goma.

Da zan tafi na ba shi haƙuri a kan abin da ya wuce. Ya ce, "Ɗana, ni ba ka yi min komai ba. Littafin yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "To akwai sauran shafi."

Na dawo ND2 da dokoki shida a bayan sabon littafi. Na samu mutum uku a hostal da su ma suke ɗauke da kalkulas, muka sa wa kanmu tsari. Talata da Alhamis bayan sallar asuba, mutum ɗaya zai rubuta tambaya biyar a allo, minti goma ba kalkuleta. Kullum tambaya takwas kafin barci, ko da wuta ko da tocilar waya. Lahadi da yamma mu yi musayar littattafan kuskure, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Mako biyun farko ba mu taɓa kalkulas ba, sai buɗe baka, rarraba lissafi, dokokin logaridim da mayar da digiri radiyan. Ɗaya daga cikinmu ya gudu a mako na uku, ya ce shi ba ɗan sakandare ba ne. Ban ce masa komai ba, don na san wannan maganar, ni na fara yin ta.

Na cire kari-oba ɗin da C. Ba abin a buga ganga ba ne, kuma CGPA ɗina yanzu a bakin 2.50 yake lilo, semestar nan ce za ta raba gardama. Na dai gaya wa Yaya gaskiya, ya yi shiru, sannan ya ce in riƙa turo masa hoton shafin da na cika duk mako. Ba ya gane abin da ke ciki, amma yana ƙirga shafukan.

'Yan'uwana na ND1, musamman na injiniya da kimiyya, na san da yawanku ba ku yi Foda Mas ba, wasu makarantunku ma ba su da malaminsa, wannan ba laifinku ba ne. Amma kalkulas yana tafe, kuma ba zai tambaye ku dalili ba. Ku ɗauko takardar tes ɗinku ta ƙarshe, wadda kuka cusa a ƙasan jaka, ku nemo layin da kuka kauce. In kun ga dama ku same mu Talata ko Alhamis bayan asuba a ajin da ke kusa da masallaci, ba a biyan ko sisi. Ku zo da littafi biyu. Kalkuleta ta zauna a aljihu minti goma na farko, in kuma kun fito da ita, ku dubi saman gilashinta ku ga D ce ko R.