Ƙarar da aka janye

A yammacin 17 ga watan Agusta na 2024 ina zaune a fadarmu ta Bukoki, nan Yamai, shayi na biyu yana kan gawayi, muna kallon wasan Olympique de Marseille da Brest. OM ta ci biyar da ɗaya, biyu daga ciki kuwa sabon ɗan wasanta, Mason Greenwood, shi ya jefa su a raga. Yawancin ƴan fadar tun suna yara OM suke so; wasu gadon abin suka yi daga iyayen da har yau ba su gaji da labarin 1993 ba, shekarar da ƙungiyar ta ɗauki kofin zakarun Turai. Ana cikin sowa sai wani malamin lakwal, mutum marar yawan magana, ya ce shi kam ƙwallon wannan yaro ba ta yi masa daɗi. Aka yi masa ca. Mai dafa shayi ne ya yanke gardamar: "Haba Malam, kotu ta wanke shi. Kai ka fi alƙalin Ingila sani ne?"

Ban tanka ba, ko da yake na san babu alƙalin da ya wanke kowa. A watan Janairu na 2022 ƴan sandan Manchester suka kama Greenwood, yana ɗan shekara 20, bayan da wasu hotuna na wata budurwa mai raunuka da wata murya da aka naɗa suka bazu a intanet. A watan Oktoba aka tuhume shi da yunƙurin fyaɗe, da duka, da danniya ta hanyar tilas. Ya musanta. Ranar 2 ga Fabrairu na 2023 hukumar gabatar da ƙara ta Ingila ta ajiye tuhumar, ta ce manyan shaidu sun janye, wasu sababbin bayanai kuma sun bayyana, don haka ba ta ga alamar za a iya samun sa da laifi ba. Shari'ar ba a zauna ta ba. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba.

Daga nan gardama ta bar kotu ta koma titi. Manchester United ta yi nata binciken na wata shida, ta ce a ganinta bai aikata abin da aka tuhume shi da shi ba, amma da mata magoya bayanta suka fito da kwalaye a ƙofar Old Trafford, sai ta sanar a watan Agusta na 2023 cewa ba zai sake buga mata ba. Aka ba da aronsa ga Getafe ta Sifen. A watan Yuli na 2024 OM ta saye shi a kan kimanin euro miliyan 30, wato wajen biliyan 20 na sefa, alhali magajin garin, Benoît Payan, ya fito fili ya ce bai yarda ba. A waccan kakar ya ci ƙwallo 21 a gasar Faransa, kuma kowace ƙwallo ta rage yawan masu magana.

Abin da ya ɗaure mini baki a fada ba shi da alaƙa da Ingila. Ni na san yadda shaida take janyewa, domin an taɓa aike ni in janye wata.

Shekara goma sha ɗaya ke nan kafin waccan rana. Ɗiyar kawuna, wadda muka tashi gida ɗaya, ta iso wurinmu da asuba, goye da jariri, idonta ɗaya a rufe don kumburi. Ba yajin farko ba ne, amma wannan karon ba ta tsaya a ɗakin Inna ba. Ta je asibiti ta karɓi takardar likita, ta wuce wurin ƴan sanda ta shigar da ƙara. Mijinta ba ɗan ƙwallo ba ne, sai dai mai hannu da shuni ne a unguwarsu, wanda buhun shinkafarsa yake shiga gidaje da yawa idan azumi ya kama, har da namu. Kafin la'asar zaure ya cika da masu biko. Kawu ya kira ni gefe, ya ce: "Kai ne ka yi boko, kai take jin maganarka. Je ka faɗa mata ba a kai uban ƴaƴa gidan kaso."

Na je. Ban yi mata tsawa ba, kuma wannan ne ya fi damuna yanzu, domin da tsawa na yi da ta sami abin da za ta ƙi. Lissafi na yi mata, cikin taushin murya. Idan aka ɗaure shi wa zai ciyar da yara? Idan ya sake ta, babban yaron ya kusa shekara bakwai, dangin uba za su karɓe shi. Ƙannenta mata biyu ba su yi aure ba, wa zai nemi ƴar gidan da ake kai miji ƙara? Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce: "Yaya, kai ma?" Washegari ni na ɗauke ta a babur muka koma. Jami'in da ya karɓe mu bai yi mamaki ba. Ya ce madalla da aka sasanta a gida. A ƙa'idar shari'ar da muka gada daga Faransa, janyewar mai ƙara ba ta hana hukuma ci gaba da tuhuma a laifin duka, amma wa zai ci gaba da maganar da mai ita ta ce ta bari?

Ba ina cewa abin da ya faru a gidanmu shi ya faru a Manchester ba. Mai yiwuwa ne a tuhumi mutum a kan ƙarya, kuma wanda kotu ba ta kama ba, ba ni da hurumin ɗaure shi da bakina. Malamin lakwal ma bai ce a ɗaure shi ba. Amma kalmar "wankewa" da mai shayi ya yi amfani da ita tana da nauyin da janye ƙara ba ya ɗauka, kuma mu ƴan Nijar mun fi kowa sanin haka. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa mata shida cikin goma a ƙasar nan suna ganin akwai dalilin da zai halatta wa miji dukan matarsa. Abin mamaki, mazan da suka ce haka ba su kai rabin wannan adadi ba. Majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006, daftarin dokar iyali kuwa an jingine shi a 2011 bayan da ƙungiyoyin addini suka tashi. Rikicin aure a wurinmu yakan ƙare ne a zauren mai unguwa, ko gaban malamai, ko a ɗakin tsohuwa, inda kalmar farko da ta ƙarshe ita ce haƙuri. Sulhu abu ne mai kyau, na ga ya ceci gidaje. Sai dai sulhun da ake yi tsakanin mai buhun shinkafa da mai kumburarren ido, ɗaya ne yake biyan kuɗinsa.

Ƙanwata tana ɗakinta har yanzu, ƴaƴanta biyar. Mijin ya yi aikin hajji, ana gaishe shi da girma, kuma idan tsohuwar magana ta taso a dangi sai a ce ai ko ƴan sanda ba su same shi da komai ba. Ni da ita muna gaisawa a suna da biki, tana tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa tayar da zancen ba. Takardar likitan nan, da muka fito daga wurin ƴan sanda ta miƙo mini ita ta ce in riƙe, tunda ba ta da sauran amfani a wurinta. Tana cikin akwatin da nake ajiye takardun makarantata. An rubuta kwana goma sha biyar na hutun jinya, da hatimi, da sa hannu.

A fada an zuba shayi na uku. Aka sake nuna ƙwallon farko a hankali, yadda ya karɓe ta a guje ya buga ta kusurwa mai nisa, kuma gaskiya ƙwallo ce mai kyau. Malamin lakwal ya ɗauki takalmansa ya yi mana sai da safe. Ni na zauna har aka kashe talabijin.