Taswirar Jikana da Haƙorin Kada

Ina ƙofar gida nan unguwar Sukra a Sabha bayan la'asar, shayi na biyu yana kan gawayi, sai ga jikana ya miƙo mini waya. "Tsoho, duba nan ka sa mana albarka." Taswira ce. An ja shuɗin layi daga Sabha ya gangara Agadas, ya karkata Yamai, ya shiga Sakkwato, daga can kuma jirgi zuwa Masar. Ƙasa huɗu a kwana ashirin da ɗaya, shi da abokansa biyu. Wai za su buɗe ido, su kuma nemi ƙasusuwan halittun da, irin waɗanda suka daɗe a ƙasa har suka koma dutse. A intanet suka gani, abin ya shiga ransu.

Na ce, "Abokina, wanda ya ja maka layin nan ya taɓa kwana a Dirku yana jiran ayarin motoci?" Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Daga Kano na zo ƙasar nan ta Libiya a 1979 ina yaron mota. Na yi shekaru a manyan motocin da ke bin Gatrun, Tummo, Madama da Dirku zuwa Agadas. Da Turawa masu yawon buɗe ido suka yawaita a Fezzan bayan 1999, sai na koma jan Toyota ina kai su sahara, har 2011 da komai ya tsaya. Saboda haka na san cewa hanyar da waya ke lissafa wa awanni, mu da kwanaki muke lissafa ta, kuma ba mu fara lissafin sai mun ƙirga jarkokin ruwa. Balle yau, da ba a bin ta sai da rakiyar soja ko da ƙarar kwana. Na ce masa ya goge wannan ɓangaren tun kafin uwarsa ta gani.

Amma ba tsoratar da shi nake son yi ba, don abin da yake nema abin so ne. Ni ma ya taɓa kama ni.

Ranar da na fara ganin irin waɗannan ƙasusuwa, a kudu maso gabashin Agadas ne, wurin da ake kira Gadufawa. Wani Buzu jagoranmu ya tsayar da mu ya nuna ƙasa da sandarsa. Da fari ban ga komai ba sai baƙaƙen duwatsu. Da na tsuguna sai na lura a jere suke, kowanne girman turmi ƙarami, ɗaya na bin ɗaya kamar carbi. Ƙashin baya ne. A gida da samudawa za mu ce. A wurin nan ne Bafaranshe Philippe Taquet ya yi tono tun wajen 1965, daga baya Ba'amurke Paul Sereno ya zo da jama'arsa. Nan aka samu kadan da ake kira Sarcosuchus, wanda kansa kaɗai ya kai tsawon mutum, da wata dabba mai cin ganye da aka raɗa wa Nigersaurus, mai haƙora wajen 500. Masana sun ce sun rayu shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake koguna. Ina tsaye cikin rairayin da ko ƙuda ba ya zama, ana gaya mini kogi ne. Na ce ikon Allah, na kasa ƙara komai.

A ranar na yi abin da har yau yake damuna. Na ga haƙori, tsawon babban yatsana, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Na waiga, ba mai kallona, na jefa a aljihu.

Shekaru bayan haka na nuna wa wata Baturiya malamar duwatsu da na kai Akakus. Ta juya shi a tafin hannu, ta ce da alama na kada ne, sannan ta tambaye ni daga ina. Na ce Gadufawa. Ta ce daga wane gefe, a kan wane irin dutse, me ke kusa da shi? Na yi shiru. Ta mayar mini da shi cikin ladabi, ta ce yanzu ya zama abin ado. Ban ji zafin maganar ba sai da dare. Na gane haƙorin da maƙwabtansa yake magana: ƙasar da yake kwance a ciki ita ke faɗin shekarunsa, ƙasusuwan da ke gefensa su ke faɗin ko na wane ne. Na raba shi da danginsa, ya zama bebe. Ga shi kuma dokar Nijar ta hana fitar da irin wannan ba da izini ba, ta Libiya ma haka. Sata na yi, ko da yake a lokacin tsintuwa na kira ta.

Matar nan ce ta koya mini ɗan abin da na sani. Ana fita da sanyin safiya ko da yamma liƙis, lokacin da rana ta kwanta, don inuwa ke tona ƙaramin abu. Ana tafiya a hankali, ido a ƙasa, kamar mai neman ɗan kunnen amarya. In ka ga abu kana shakka, taɓa shi da harshe: ƙashi yakan ɗan manne saboda ƙananan ramukan da ke jikinsa, dutse kuwa ba ruwansa. Kayan aikin ɗan koyo ba su wuce tsohon buroshin goge baki, gilashin ƙara girma da littafin rubutu ba. Ka ajiye makulli a gefe don a ga girman abin, ka ɗauki hoto, ka rubuta wurin, ka tashi ka bar shi. Guduma ba ta ɗan koyo ba ce.

Wanda zai yi irin wannan tafiya ta ido a ƙasa, ina shi ina ƙasa huɗu a mako uku? Rabin kwanakin a layin biza, katin rigakafi da shingen jami'ai za su ƙare. Na ga irinsu da yawa a motata. Su iso wuri su ɗaga kyamara, su duba agogo, su ce mu je. Wani ya taka gindin itacen da ya zama dutse a Mesak bai sani ba, yana sauri ya ga wani a gaba.

Na ce wa yaron ya fara da abin da ke bakin ƙofarsa. Jarma, tsohon birnin Garamantawa, kilomita wajen 150 ne daga nan. Ba nisa da can ga tafkunan Ubari, Gabrun da Ummul Ma, ruwa tsakiyar tudun yashi. A Wadi Matkandush akwai zanen raƙuman dawa da giwaye a jikin dutse, har da kada da ɗanta, wanda Barth, Bajamushen da Kanawa suka sani da Abdulkarim, ya ga irinsu a yankin a 1850 kafin ya isa Kano. Wajen Gat kuma, a cikin dutse mai ɓarewa falle-falle, akwai wasu 'yan layuka kamar an yi da fensir, ragowar halittun teku ne da suka haura shekara miliyan 400. A kogon Takarkori masu tono daga Italiya sun tara ƙayoyin tarwaɗa da karfasa, dubbai, ragowar abincin mutanen da. Duwatsun Akakus suna cikin jerin UNESCO tun 1985, kuma a 2009 wani ya bi wasu zanukan ya fesa musu fenti. An ce direba ne irina. Na yi kwanaki ina jin kunyar sana'ata.

In ya ƙoshi da nan, baɗi ya hau jirgi ya je Yamai, ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama ya tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan da aka harhaɗa, ya ga yadda dabbar take a tsaye. Daga can Sakkwato ba nisa. 'Yan Najeriya da yawa ba su san teku ya taɓa kwanciya a ƙasarsu ta arewa maso yamma ba. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da bawon halittun ruwa, akwai ma wani dodon teku da aka sa wa Goronyosaurus, da sunan Goronyo. Can ma sai ya tambayi mutanen gari wace hanya ce lafiya kafin ya fita daji. Masar da kwarin manyan dabbobin tekunta na Fayyum, Wadil Hitan, ta jira shekara ta uku. Sun yi shekara miliyan 40 a kwance, ba za su gudu ba.

Ya ɓata rai, ya ce abokansa za su ce tsohonsa ya rage musu hutu. Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin alewar da nake ajiye takardu, na zazzage haƙorin a hannunsa. Ya daɗe yana juya shi. Ya kai harshe, ya zaro ido da ya ji ya manne.

"Tsoho, a ina daidai ka same shi?"

Na ce ban sani ba.

Shekaranjiya ya dawo da sabuwar taswira, layin ya tsaya a Gat, kwana goma a watan Disamba, kuma sun samu jagora ɗan garin. Na ce su tafi da barguna biyu-biyu, don sanyin Akakus da dare yana daskarar da ruwa a buta. Ya ce akwai gurbi ɗaya a gaban mota in gwiwata za ta yarda. Na ce zan tambaye ta.