Wayar da Na Zaɓa wa Kawu

Ni na jawo wa ƙanin mahaifiyata asarar lissafin bashinsa na rani guda, kuma da hannuna na yi. Shawara ya nema a wurina kan wayar da zai saya, ni kuwa na ba shi shawarar da ta dace da rayuwata a Kaduna.

Kawu manomin rani ne a Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan. Tumatir da tattasai yake nomawa, yana kuma sarin na wasu ya haɗa lodi zuwa Kudu, har kasuwar Mile 12 ta Legas. Maƙwabtansa da dama sun koma noman inabi, wanda ya fito da sunan Kudan a 'yan shekarun nan, shi kuwa yana nan a kan tumatirinsa. Wayarsa ta tsufa, gilashin ya tsage, caji ba ya kai ta azahar. Da na zo gida hutu sai ya ce, "Ɗana, kai ka san kan waɗannan abubuwa. Raka ni PZ mu sake ta."

A wani shago a PZ da ke Sabon Garin Zariya, waya biyu suka yi daidai da kuɗinsa idan aka haɗa da tsohuwar a yi ciko. Ɗaya Tecno ce sabuwa dal a kwali, mai tsarin Android irin wanda ya saba da shi. Ɗayar iPhone 11 ce ta hannu, mai tsafta, ba ko ƙwarzane. Zuciyata ta riga ta tafi ga ta biyun tun kafin mu zauna. Hujjojina kuma ba ƙarya ba ne, har yau ina tsaye a kansu. Kyamararta ta fi, kuma mutumin da yake tura wa dillalan Legas bidiyon kwanduna yana bukatar jan tumatir ya fito sosai. An yi ta a 2019, amma har 2025 Apple na aika mata sabon tsari, abin da ƙananan wayoyin Android da yawa ba sa samu. Idan an tashi sayar da ita ma tana riƙe daraja. Akwai kuma wata hujjar da ban faɗa masa ba: ina so a ga kawuna da babbar waya a bakin kasuwa.

Mai shagon ya yi nasa. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, layi nawa kake amfani da su?" Kafin Kawu ya buɗe baki na ce wannan ba matsala ba ce, za mu san yadda za mu yi. Ya sake tambaya ko an kwashe abin da ke cikin tsohuwar. Na tura hotuna da lambobi zuwa wayata, na ce an gama. Na shiga saiti na goge ta tas, don kada sirrinsa ya faɗa hannun wani, na miƙa. A raina WhatsApp ai da lamba yake tafiya, da an sa layi komai zai dawo.

Bayan sallar isha'i muna zaune a zaure na buɗe masa WhatsApp a sabuwar waya. Rukunonin da yake ciki suka bayyana, amma babu saƙo ko ɗaya a cikinsu. Ya karɓa, ya nemo sunan wani direba, ya danna, ya ga fili fayau. Ya ja yatsa sama, ya sake ja. Sannan ya ɗago ya ce, "Ina maganganun?"

A daren na san abin da ya kamata in sani tun da safe. Kawu ya yi karatun allo, yana karanta ajami, amma ba ya rubuta lissafi a takarda. Duk cinikinsa da murya yake yi. Idan mota ta tashi, sai ya danna ya faɗa wa dillali yawan kwanduna da farashi da abin da aka ba direba na mai. Idan dillali ya turo rabin kuɗi, da murya zai ce ga abin da ya saura. Manoman da ya ba taki da iri bashi zuwa lokacin ɗiba, su ma kowa da muryarsa yana amsa abin da ya karɓa. In gardama ta taso, ba ya rantsuwa, sai ya nemo saƙon ya kunna wa mutum muryarsa. Wannan shi ne littafin bashinsa, kuma ban taɓa tambayarsa ba.

WhatsApp ba ya ajiye saƙon da ya riga ya isa, yana zama ne a cikin wayar mutum. Ajiyar ko-ta-kwana kuwa kowane tsari da rumbunsa. Android na kai tasa Google Drive, iPhone na kai tata iCloud, kuma ba a ɗauko ta wannan a zuba a waccan. Tun 2022 akwai hanyar ƙaura daga Android zuwa iPhone ta manhajar Move to iOS, amma sai wayoyin biyu suna hannu, tsohuwar da komai nata a ciki, sabuwar kuma ba a fara amfani da ita ba. Aikin zama ɗaya ne a cikin shagon nan. Ni na goge tsohuwar kafin in kunna sabuwar. Na yi fatan ko akwai ajiya a Google da za mu ɗauko ta wata wayar Android, sai ya zamana Kawu bai san adireshin asusunsa ba balle kalmar sirri. Wani yaro mai tura waƙoƙi ne ya buɗe masa shekarun baya, ya sa tasa lambar, ya kuma daɗe da barin garin.

Sauran matsalolin suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Layi biyu gare shi, ɗaya na abokan ciniki, ɗaya kuma shi kaɗai ke kamawa a fadama. Wayar ramin layi ɗaya gare ta, na biyun sai an je ofishin kamfani an mayar da shi eSIM. Ba ta da rediyon FM, ga mutumin da yake jin labarai yana ban ruwa. Ba ta cin memori, ga shi da memori cike da tafsiri. Cajarta daban ce, don sai a iPhone 15 ta 2023 Apple ya koma irin cajar da sabbin Android ke amfani da ita, ga gari da ake kai waya shagon caji idan wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba. Batirinta bai kai 5,000 mAh na Tecno ɗin da muka bari ba, kuma ya riga ya sha aiki a hannun wani.

Ba na ganin laifin wayar a ko ɗaya cikin waɗannan. An ƙera ta ne don mai wuta a gida da intanet a ofis, kuma a wurin irin wannan mutumin tana aikinta yadda ya kamata. Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya kama kasuwar Afirka ne saboda ya tsaya ya dubi irin su Kawu: layi biyu, batir mai jimiri, rediyo, kayan gyara a kowace rumfa. Ni da nake jininsa ban yi wannan duban ba. Na gwada waya da waya a kan teburin mai shago, alhali abin da ya kamata in bi shi ne yinin mai wayar, daga asuba zuwa kwanciya: wa yake kira, a ina yake tsaye, me yake saurare, me zai rasa idan wayar ta mutu yau. Da na yi masa ko da tambayar ƙarshe, da bai rasa komai ba, kowacce muka saya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ganin dattijo yana kiran mutanen da yake bi bashi yana cewa su turo masa tsofaffin saƙonni. Mai bin bashi ya koma mai roƙo. Da yawansu sun turo, Allah ya saka musu. Wasu sun ce su ma sun sake waya. Wani dillali ya faɗi adadin da Kawu ya tabbata ya gaza na gaskiya, amma babu muryar da zai kunna masa.

Na same shi bayan sallar asuba na ce, "Kawu, ku yafe mini. Gaggawata ce da son burga, mai shago ma ya tambaya na tare bakinsa. Abin da ya salwanta ni zan biya." Ya ce ba zai karɓi sisina ba, ya yafe, amma in mayar da shi kan irin wayar da ya sani. Muka koma Zariya muka yi musaya da ragi, ragin na biya bayan doguwar jayayya. Na buɗe masa sabon asusun Google da lambarsa, na kunna ajiyar WhatsApp ta kullum, ya rubuta kalmar sirrin da ajami ya ba uwargidansa ta adana. Kuɗin dillalin nan bai fito ba, Kawu kuma ya daina aika masa lodi.